Kar ka hau jirgin nan, ƙanena

Wani ƙanenmu ɗan kasuwa a Kusiri ne ya turo tambaya, bari in taƙaita ta. Yana sayar da wayoyi da pawa bank da batiran sola, yana da kaya da zai kai Abeshe, sai wani dillali a Njamena ya ce zai cusa shi a jirgin kaya ya bi kayansa da rabin kuɗin biye, wato tikiti, wai ya zauna kan kwali kafin ya gyara zama an isa. Innarsa ta ce ba da yawunta ba, jiragen kaya su ne masu faɗowa. Shi ne yake tambaya gaskiya ne ko tsoro ne irin na tsofaffi, kuma wai me ma ke kayar da jirgi tukuna.

Wa alaikumus salam ƙanena. Inna ta fi ka gaskiya a wannan karon, kar ka hau.

Ni ba matuƙi ba ne, gara ka sani tun yanzu. Shekara 26 na yi ina aikin ƙasa a filayen jirgi, yawanci nan arewacin Kamaru, na ɗan taɓa Cadi ma, kuma aikina shi ne takardar nauyi, wato ni nake lissafa kilo nawa ya shiga jirgi, mutum nawa, kananzir nawa aka sha, wane kaya zai kwanta gaba wane zai kwanta baya, in sa hannu in kai wa kumandan, wato babban matuƙi, shi ma ya sa nasa kafin a rufe ƙofa. Yaron nan da kuke zagi a kanta in ya ce akwatinku ya wuce da kilo 7, to ni ne nake bayansa ina hana shi ɗaga muku ƙafa. Na sha Allah ya isa a aikin nan har ta daina yi mini ciwo.

Kai ɗan bakin Logon ne, ka san kwale-kwale. Abu biyu ke kifar da shi ko ba iska ba igiyar ruwa, ko a cika shi ya wuce kima, ko kuma kayan ba su yi yawa ba amma an jibge su gefe guda. To jirgin sama haka yake sak, sai dai shi ba ya nuna maka a ido, kwale-kwale kana ganin ruwa ya kusa baki ka ce a rage buhu, jirgi kuwa yana tsaye kan tayoyinsa lafiya lau kamar ba komai, ba za ka san an yi ɓarna ba sai ya kwasa da gudu a kan pist, wato titin tashin jirgi, ya kai inda ya kamata hancinsa ya ɗaga ya ƙi ɗagawa, lokacin kuma ba sauran fili a gaba na taka birki.

Sannan ga zafinmu. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, fiffike ba ya samun abin da zai dafa sosai, inji ma ƙarfinsa na raguwa. Jirgin da zai ɗauki kaya kaza da asuba a Garwa ba zai ɗauke su da azahar a watan Afrilu ba lokacin da zafi ya haura 40, dole a rage. Ngaundere kuwa ko da sanyinta tana kan tudu sama da mita 1,000, can ma iskar ba ta da kauri, lissafinta daban. Abin da ya taimaka wajen faɗuwar jirgin EAS a Kano ke nan ran 4 ga Mayu 2002, rana tsaka ana zafi, ya cinye pist duka bai tashi da kyau ba, ya kwashi ƙura a inji ya je ya faɗa kan gidajen mutane a Gwammaja, sama da mutum 100 suka tafi har da ministan wasannin Najeriya na lokacin da kuma bayin Allah da ke zaune cikin ɗakunansu ba su san ma ana tafiya ba.

Bari in ba ka wanda ya faru a hannuna, ba zan faɗi kamfani ko fili ba. Watan Afrilu ne, jirgin haya cike da 'yan kasuwa, takardata ta nuna amalanken kaya 4 ne za su shiga ciki. Na fito in miƙa wa kumandan takarda sai na ga masu lodi suna jan ta shida, na tsaya na sake ƙirgawa da yatsa kamar ɗan firamare. Ashe jakunkunan da sikeli ya ƙi an zagaya da su ta baya an ba yara na goro. Na ce a sauke komai a sake aunawa, a rana, kwalta tana narkewa ƙarƙashin takalmi, fasinja suna ciki suna fifita da fasfo. Kusan tan 2 muka samu wanda ba ya cikin takarda, kuma duk a ramin gaba, wato ma'ajiyar kaya ta gaba a ƙarƙashin jirgi, aka tura shi don shi ne kusa da su. Wani Alhaji ya sauko har ƙasa babbar riga na jan ƙasa ya nuna ni da carbi ya ce shi ya san irina, in faɗi nawa nake so kawai. Kumandan ɗin, wani dattijo mai furfura, bai ce masa uffan ba, ya karɓi sabuwar takardar ya duba ya duba, ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce mini da Faransanci a bar buhunan nan su kwana. Sun kwana, Alhajin bai sake gaishe ni ba har na bar aiki.

Wannan abin da muka tare ran nan shi ne ba a tare ba a Kwatano ran 25 ga Disamba 2003. Boeing 727 ne na wani kamfanin Gini zai tafi Bairut, yawanci 'yan Labanan masu komawa gida hutu, aka yi ta loda kaya ba awo, ramin gaba ya cika maƙil, matuƙan ba su da sahihin lissafin abin da suka ɗauka. Hanci ya yi nauyi ya ƙi tashi da wuri, jirgin ya daki wani ɗan gini a ƙarshen pist ya tarwatse a bakin teku, mutum wajen 140. Masu binciken Faransa da suka zo ko adadin mutanen da ke ciki sun kasa tabbatarwa daidai don takardar sunaye ba ta cika ba. Riƙe wannan maganar ta takardar sunaye, zan dawo kanta don kai ta shafa.

To yanzu jirgin kaya. Ba wai an ƙera shi da rauni ba ne, a'a, manyan kamfanonin kaya na duniya suna tashi kowane dare lafiya suna sauka lafiya, kayanka ma na Dubai da Cana ai a cikinsu suke zuwa. Matsalar tana ga ƙananan nan masu jirgi ɗaya ko biyu, tsofaffin Antonov da aka ƙera tun zamanin Tarayyar Sobiyet, rajista a wata ƙasa, matuƙa daga wata ƙasa, mai jirgin a wata ƙasa ta uku, in ka tambayi wa ke duba lafiyarsa kowa ya nuna wani. Galibi da dare suke aiki ko su yi sawu uku huɗu a yini matuƙi bai runtsa ba, suna sauka a filayen da ba na'ura, kuma kuɗinsu a kan kilo yake, duk buhun da aka ƙara riba ce, duk wanda aka sauke asara ce, ka ga kuwa mai irin aikina a wurinsu maƙiyi ne. Kuma shi kaya ba ya magana. Fasinja in ya ga hayaƙi zai yi ihu, kwali sai dai ya ci wuta shiru.

A Kinshasa ran 8 ga Janairu 1996 wani Antonov 32 da aka cika ya kasa tashi daga filin Ndolo, ya zarce cikin kasuwa yana gudu da farfelarsa tana juyawa, sama da mutum 200 ya kashe, yawancinsu mata masu sayayya da masu talla, su matuƙan kuwa akasarinsu sun fita da rai. A Juba ran 4 ga Nuwamba 2015 Antonov 12 ne, jirgin kaya, an ƙera shi tun 1971, aka cusa mutane a ciki kan kaya irin yadda dillalinka yake so ya yi maka, ya tashi bai yi nisa ba ya faɗi a bakin kogin Nilu, kusan mutum 40, wata jaririya da wani mutum ɗaya ne suka tsira. An daɗe ana gardamar mutum nawa ne a ciki don da yawansu ba a rubuta su ba.

Ka ce za ka zauna kan kwali. Ka san me ke faruwa da kaya in jirgi ya ɗaga hanci? Komai baya yake so ya gangara. A Bagram ta Afganistan ran 29 ga Afrilu 2013 wani Boeing 747 ya ɗauki motocin soja masu sulke guda 5, igiyoyin da aka ɗaure su ba su kai yadda ya kamata ba, yana tashi ta bayan ta tsinke ta gangara ta fasa bangon baya ta lalata abin da ke juya wutsiyar jirgin, ya miƙe tsaye a sama kamar doki ya yi turjiya sannan ya rikito, mutum 7 duka. Akwai bidiyonsa da kyamarar wata mota ta ɗauka, in zuciyarka za ta ɗauka ka nema. Wannan fa kamfanin Amurka ne mai takardu da horo. Kai kuma kana tsakanin tulin kaya da tulin kaya ba kujera ba bel, ko jirgin bai faɗi ba, ya shiga gargada kawai ko ya taka birki da ƙarfi, buhun sukari mai kilo 50 ya ishe ka.

Wani lokacin ma kayan daidai suke, ɗaurin daidai, lamba ɗaya ce kawai. Halifas ta Kanada, 14 ga Oktoba 2004, 747 na MK Airlines mai rajistar Gana, an loda masa kifi da kayan teku, ma'aikatan sun gaji liƙis sun daɗe ba barci, sai aka yi lissafin tashi a kwamfuta da nauyin zangon da ya wuce lokacin jirgin bai yi nauyi haka ba. Kwamfuta ta ba su ƙarfin inji da gudun da bai isa ba, wutsiya ta ja ƙasa, mutum 7. Wannan labarin shi ya fi hana ni barci lokacin ina aiki don irin kuskuren da ni ma zan iya yi ne da biro a hannu ƙarfe 3 na dare.

Sai kayanka kai kanka, kuma nan nake so ka buɗe kunne da kyau ko ka fasa tafiyar. Batirin waya da pawa bank da na sola na zamani, masu lityum ɗin nan, in ɗaya ya huje ko ya matsu ko ya yi zafi yakan kama wuta da kansa ya kunna na kusa da shi, haka haka har kwalin duka, kuma wutarsa ba ta jin abin kashe gobara na jirgi yadda wutar takarda ke ji. Ran 3 ga Satumba 2010 jirgin kaya 747 na kamfanin UPS ya tashi daga Dubai zai tafi Jamus da batura sama da 80,000 a cikinsa, minti ashirin da 'yan kai wuta ta tashi, hayaƙi ya cika ɗakin matuƙa har ba sa ganin agogunan gabansu, iskar shaƙar kumandan ta yanke ya tashi neman wata bai dawo ba, mataimakin ya yi ta fama shi kaɗai a makance yana neman pist har ya wuce ta ya faɗi. Shi ya sa ake ce muku pawa bank a jakar hannu ba a akwatin da zai shiga rami ba, don in ya fara hayaƙi a gan shi. 'Yan kasuwarmu kuma sai su rubuta "kayan gyara" ko "takalma" a kan kwalin batir don kar a caje su kuɗin kaya masu haɗari, wallahi duk mai yin haka bai san abin da yake aikawa sama ba.

Amma kar ka ɗauka ina cewa na fasinja ba ya faɗuwa, ko sabo ba ya faɗuwa. Mu a Kamaru mun gani. Kenya Airways ran 5 ga Mayu 2007, Boeing 737-800 ɗan wata shida kacal, fil a leda, ya tashi daga Duwala tsakar dare ana ruwa da tsawa alhali wasu jiragen biyu sun zaɓi su ƙara jira. Kumandan ya ce a kunna otopilot, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, bai kunnu ba, ba wanda ya lura, kusan minti guda ba mai riƙe da jirgin yana ta karkata dama a hankali, waje duhu ba ƙasa ba sama, kuma jikin ɗan Adam a irin wannan yanayi ƙarya yake masa, kana karkace kana jin kana daidai. Da ƙararrawa ta yi kuka sai ya ƙara murɗa shi dama maimakon hagu. Mutum 114, cikin fadamar Mbanga Pongo, kilomita 5 da ɗoriya daga pist, amma sai da aka yi kusan kwana 2 ana nema can nesa a dajin kudu. Kafin shi ma akwai na Cameroon Airlines ran 3 ga Disamba 1995 a Duwalan dai, ya taso daga Kwatano, mutum 71 cikin 76.

Wanda kuma ya fi taɓa Hausawa shi ne na Jidda, 11 ga Yuli 1991, alhazai ne za su koma Sakkwato a DC-8 da Nigeria Airways ta yi haya daga wani kamfanin Kanada. Taya ce fa, taya. An san iskar wasu tayoyin ta yi ƙasa, makaniki ya nemi a ƙara, ba a samu iskar nitrojin da ake sa musu nan take ba, mai kula da tafiyar ya ce ba za a makara ba a tafi haka. Tayoyi suka fashe a guje suka kama wuta, matuƙa ba su sani ba suka naɗe su cikin cikin jirgi, wato suka ɗauki wutar da hannunsu suka sa a ciki. Mutum 261 ba wanda ya fita. Duk wanda ya yi aikin jigilar alhazai ya san irin matsin nan, jirgi ya makara, mutane sun kwana uku a fili, waya na ta shigowa daga manya, kowa so yake a tashi. In ka tono yawancin haɗurran nan abin da za ka tarar ke nan a ƙasa, ba abu ɗaya ba ne, ƙananan abubuwa ne uku huɗu suka haɗu rana ɗaya, kuma cikinsu akwai wani da ya ga matsala ya ce a je a haka. Ko jirgin ƙasan Eseka na 2016 da ya ci mutum 79 ai ƙarin taragu aka yi don jama'a sun taru, ba sama kaɗai abin yake ba.

Don haka in kana Marwa ko Njamena lokacin hazo aka ce an soke tashi, kar ka zagi kowa. Ƙurar nan daga Bodele take tasowa nan cikin Cadi, wani yini ko ƙarshen pist ba a gani daga tur, hasumiyar masu ba jirgi umarni. Alhazan da suka rasu a Kano a Janairun 1973, mutum 176, cikin irin wannan yanayin jirginsu ya zo sauka. Kamfanin da ya kwanar da kai a kan benci saboda hazo ya fi wanda ya ce bismilla mu gwada.

Abu ɗaya kuma tunda ta Njamena za ka bi, maganar saƙo. Mu mutanen kirki ne, wani ya tare ka a fili ya ce don Allah ga 'yar jaka ka miƙa wa ɗan'uwana, kunya ta hana ka ƙi. Jirgin UTA da ya tashi daga Njamena ran 19 ga Satumba 1989 zai tafi Faris, bai cika awa ɗaya a sama ba ya tarwatse a kan hamadar Tenere ta Nijar, mutum 170, bam ne a cikin akwati da aka saka tun Barazabil, daga baya kotun Faransa ta yanke wa 'yan Libiya 6 hukunci a bayan idonsu. Ba kullum bam ba ne, yawanci ma ƙwaya ce ko abin da duwan, wato kwastan, za su riƙe ka a kai, amma dai abin da ba kai ka ɗaure ba kar ka ɗauka.

Na san za ka ce to Kawu ai ka tsorata mu da jirgi gaba ɗaya. A'a. Ka lura shekarun da nake ta ambata, 1973, 1991, 2003, 2007, sai na yi ta tsallake shekaru kafin in samo wani, kuma galibinsu an zauna an buɗe baƙin akwati mai naɗar bayanan jirgi, wanda ma ba baƙi ba ne ruwan lemo ne, an gano dalili an canza doka. A 2023 jirage sun yi sawu wajen miliyan 37 a duniya, ba jirgin fasinja mai injin jet ko ɗaya da ya yi haɗarin da ya ci rai a lissafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya IATA, mai farfela ɗaya ne ya faɗi a Nepal. Kai da kake bin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri, ko gangaren dutsen nan na hanyar Ngaundere da daddare a bas ɗin da direbansa ke cin goro don kar ya yi gyangyaɗi, ka riga ka saba da abin da ya fi jirgin fasinja haɗari nesa ba kusa ba. In kwana ya ƙare ya ƙare, wannan ba gardama, amma ai ba ka kwanciya a tsakiyar titi don ka yarda da ƙaddara.

Na ce zan dawo kan takardar sunaye. Rabin kuɗin da dillalin nan zai karɓa ba ya shiga asusun kowa sai aljihunsa da na wanda zai kau da kai a bakin ƙofa, ba biye, ba sunanka a manifes wato takardar sunayen, ma'ana a lissafin mai aiki irin nawa kilo 80 ɗinka babu su, kuma in kai kaɗai ne da sauƙi, ba kai kaɗai ba ne, duk wanda ya sayar maka ya sayar wa wasu goma da jakunkunansu. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, inshora ba ta san da kai ba, kamfani zai ce bai taɓa ganinka ba, Inna ko takardar da za ta riƙe ta ce ɗana yana ciki ba za ta samu ba.

Kayan ka kai su ofishin fret, wato na aika kaya a jirgi, da kanka, a auna a gabanka a ba ka takarda mai lamba, ka faɗa musu ƙarara cewa akwai batir a ciki su san yadda za su shirya shi, ko da sun ƙara maka kuɗi ko sun ce ba sa ɗauka. In sun ƙi, kamiyo, wato manyan motocin kaya, na zuwa Abeshe, kwalta ce yawancin hanyar, batiran su bi ƙasa. Kai kuma in akwai jirgin fasinja a satin ka yanki biye da sunanka, in babu ka bi kayanka a mota ka tashi da sassafe kar dare ya yi maka a hanya. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata wani tsohon ma'aikacin filin jirgi a Garwa ya ce ta ƙara riƙe maka kunne.